Kifin Jidda a hannun Kawu

Ƙanena da ke aikin gini a Jidda ya aiko mana tsaraba ta hannun wata hajiya: dabino, zamzam, sai wani busasshen kifi a cikin jarida. Dabino da zamzam na gane. Amma kifin nan, wallahi sai da na zauna. Bakinsa sak bakin aku, haƙoran a manne wuri guda. Shekarata goma ina koyar da kimiyya a firamare a Boɗinga, ban taɓa cin karo da mai kama da shi ba. Na kira yaron, layi bai shiga, sai hoton kifin da ransa kawai da ya riga ya turo mini a waya.

Na ce to, sai Kawu. Yayan mahaifiyata ne, masunci a dam ɗin Shagari. A lokacin rigima ake da shi, 'ya'yansa sun ce idonsa ya tafi, za su karɓe kwalekwalen kafin ruwa ya ci shi. Shi kuwa ya rantse ras yake gani. Ni ina bayansa, har na yi wa babban ɗansa tatas, na ce son jirgin ne ke cinsa.

Ran Asabar na hau mota. Na tarar da shi ƙarƙashin darbejiya yana gyaran koma, masunta kewaye da shi. Bayan gaisuwa na miƙa masa kifin, na ce ga baƙo na kawo.

Bai yi gaggawa ba. Su masunta daga baki suke fara karanta kifi. Ya sa babban yatsa ya shafa haƙoran, ya bi ɓawon, ya sunsuna. Ya ce sunansa dai bai sani ba, kuma ba zai yi ƙarya ba. Amma wannan ba maharbi ba ne, makiyayi ne, baki irin wannan na kankarar gansakuka ne daga jikin dutse. Ɗan'uwan karfasa ne a wajen ci. Ya ce ba ya zama a laka, ruwansa garau ne, marar zurfi, inda rana ke kaiwa ƙasa, don in ba rana gansakuka ba ta tsirowa. Kuma ruwan mai ɗumi ne.

Na sake kiran ƙanena, Allah ya taimake ni layi ya shiga, na sa muryarsa a bayyane kowa ya ji. Ƙanena ya ce Larabawa harid suke ce masa, a duwatsun murjani na Bahar Maliya yake kiwo, kusa da gaɓa, kuma an ce masa akwai irinsa har gaɓar Afirka ta gabas. Masunta suka ɗauki kabbara. Ni kam kaina ya kumbura, na harari babban ɗan nasa, harara mai kyau.

Da aka watse zuwa sallar azahar, na matso na buɗe masa hoton a waya, kifin kore da shuɗi, ga ɗigon ja kamar atamfar biki. Na sa masa dab da fuska. Ya yi ta gyaɗa kai yana masha Allah, amma idonsa na kan kafaɗata.

Can ya rage murya.

"Ɗiyata, wanga kihi, mi ne launinai?"

Na faɗa masa launukan ɗaya bayan ɗaya, yana murmushi, yana tambaya ko shuɗin irin na baban rini ne. Ya ce kada in gaya wa kowa ya tambaya.

Babban ɗansa ne ya raka ni bakin titi. Har mota ta tsaya ina kokawa da bakina. Na sa ƙafa ɗaya ciki, sannan na juyo na ce masa ya yafe mini, kuma kada ya bar Kawu ya shiga jirgi gobe.