Baƙon Lemon Barmo

Duk wanda ya taɓa noma a Ollelewa ya san Barmo mai feshi. Tun yana saurayi ma'aikatan gona suka goya masa famfo a baya, suka ce duk abin da ya gani yana rarrafe a kan ganye abokin gaba ne. Barmo bai nemi ƙarin bayani ba. Fara, tsutsar gero, har ɗan ƙwaron da ya biyo hanya don sabgar kansa, duk ya aika su lahira, yana alfahari da haka har furfura ta cika masa kai.

Sai ga mutumin nan ya kamu da son malam-buɗe-littafi. Ba farare ƙanana da ke yawo bayan ruwan sama ba, waɗannan ya raina su. Nasa yana jikin wata kalanda da wani direba ya ba shi a kasuwar Tanout: baƙi wuluk, da farin tabo a fiffike, zaune kan ganye mai raɓa. Ɗiyarsa Radiya, mai aikin jinya a Damagaram, ta bincika masa a waya. Ta ce ɗan kurmin Asiya ne, inda ruwa ba ya yankewa. Yana tsotsar damshi a bakin rafi, macen kuma kan ganyen lemo take ƙwai.

Duk cikin bayanin, lemo kaɗai Barmo ya riƙe. Ya sayo dashe ya kafa a tsakar gida, a garin da sai raƙumi ya ja guga kafin a ga ruwa. Ruwan alwalarsa can yake tafiya, haka na wankin hatsin matarsa Kulu.

"Maigida, daga Asiya zai taso saboda icce ɗaya?" in ji Kulu.

"To ita fara mai cin gona daga ina take zuwa? Wa ya taɓa aika mata goro?"

Lemo ya kama. Kowace damina kuma sai wasu tsutsotsi su bayyana a ganyensa, masu kama da kashin tsuntsu. Barmo ba zai yarda baƙo ya iske ƙazanta a masauki ba, sai ya ɗauko famfo ya yi musu abin da ya iya. Duk ƙasar Damargu babu lemo mai tsabtar nasa, ko ƙuda ba ya sauka a kai.

Ana haka hazo ya fara rufe masa ido. Tsufa bai dame shi ba. Abin da yake tsoro ɗaya ne, kada baƙon ya iso bayan gani ya tafi. Daminar da idon ya mutu gaba ɗaya, ya shafa ganye ya ji duk an ɓalgace shi, ransa ya ɓaci, ya roƙi Kulu ta yi feshi. Ta ce to. Ita kuwa shekara da shekaru tana haƙuri da warin maganin nan, ko taɓa famfon ba ta yi ba.

Wata safiya tana daka, sai ta ajiye taɓarya.

"Maigida, ga baƙonka."

Barmo ya miƙe har sandarsa ta faɗi. "Baƙi ne?"

"Baƙi ne, sai dai tabonsa rawaya. Yana shanya fiffike."

"Ta ina ya shigo? Ta gabas?"

"Bai shigo ta ko'ina ba. Tsutsar nan da ka ce in fesa ce ta naɗe kanta a reshe, yanzu ta tsage ya fito."

Barmo ne fa ya sha gaya wa manoma cewa tsutsar gero fiffike take yi in an ƙyale ta. Ya miƙa hannu wajen reshen a hankali. Abin ya riga ya tsallake darni, Kulu ta kasa faɗa masa don tausayi.

"Kulu, kowace damina suna zuwa ke nan?"

"Kowace damina, maigida. Kai kake tarbar su."