Mota Ta Riga Akuya

Mai awakin yana tsaye a bakin injin niƙa, dogon dattijo, rigarsa fes, buhu a naɗe a hammata. A zamaninmu ɓawon rogo shara ne, har godiya ake yi wa mai kwashewa. Yanzu kamfani ke saye, a jiƙa ya yi tsami, a tace man mota.

"Baba, ka makara," in ji mai injin. "Mota ta riga akuya karin kumallo."

Yana yaƙe, yana tambaya ko gobe za a rage masa. Wataƙila akwai akuya mai ciki a gida. Motar kamfanin tana tashi, ya durƙusa yana tsintar abin da ya zube.