Maazou, Matafiyin Asabar

A Sevran, can gefen Paris, in ka ce Maazou Issoufou ba kowa zai gane ba. Ka ce Maazou mai gudu, har yaran da ke zaman ƙofar benayen Beaudottes za su nuna maka tagarsa. Mutumin Tahoua ne, dogo, siriri, furfura ta fara cin gemunsa. Yana aiki a ofishin wani kamfanin dakon kayan marmari a babbar kasuwar Rungis, shi ke tsara wace mota za ta ɗauki me, ta kai ina.

Gudun nan a Bron ya samo shi, can gefen Lyon. Ya zo karatu a farkon shekarun dubu biyu, ya baro matarsa Baraka a gida da tsohon ciki. Ɗakinsa na ɗalibai bai fi akurki ba, ga Lahadi ba ta ƙarewa. In kewa ta dame shi sai ya sa takalmi ya shiga lambun Parilly, ya yi ta zagaye har ƙirjinsa ya daina yi masa nauyi. Daga baya karatu ya ƙare, aiki ya samu a Paris, Baraka ta iso da 'yarsu Nour a goye. Kewa ta tafi, gudu bai tafi ba.

Teku kuwa wani abokin aikinsa ya fara kai shi, a Fécamp ta ƙasar Normandie. Mutumin da babban ruwan da ya sani shi ne tabkin Tabalak, sai ga shi a kan wani farin dutse mai tsawo, ruwa a ƙarƙashinsa har inda ido ya gaji. Akwai wata siririyar hanya da ke bin gefen dutsen zuwa ƙauyen Yport. Hagunka shanu ne masu ƙiba da gonakin wata ciyawa da ake yin zare da ita, wadda in Yuni ya kama take fitar da shuɗin fure da safe ta zubar da shi kafin azahar. Damanka iska ce kawai da tsuntsayen ruwa. Hanyar takan gangara cikin kwari mai duhun itatuwa, ta fito da kai bakin ruwa inda babu rairayi sai tsakuwa manya-manya da ke ƙara in igiyar ruwa ta ja su. Tun daga ranar, duk Asabar ɗin da hali ya yi, Maazou zai kama jirgin ƙasa na safe a tashar Saint-Lazare, ya dawo da yamma yana warin gishiri.

Ana nan azumi ya gangaro cikin watannin zafi, wuni ya yi tsawon da ba a san irinsa a Tahoua ba. Shekarar farko Maazou ya ajiye takalminsa wata guda, ya zama abin tsoro a gida, ƙaramin abu sai faɗa. Shekara ta biyu ya ce bari ya je ya ga ruwan kawai. Ya je, ƙafa ta ja shi, ya yi gudu. Da ya gangaro Yport harshensa ya zama kamar busasshiyar fata, ga famfo a gefen cocin ƙauyen yana ɗiga. Sai ya tuna cewa matafiyi yana da rangwame, kuma daga Sevran zuwa nan ai tafiya ce. Ya sha. Asabar ta gaba bai jira ƙishi ba, ya shiga gidan burodin da ke kusa ya sayi ruwa da burodi mai kifi.

Bai taɓa ce wa kowa da azumi yake gudun ba. Bai dai ce ba da shi ba ne. Baraka ta cike sauran da kanta. Yana ji tana gaya wa maƙwabciyarsu a waya: "Baban Nour ai ƙarfe ne. Bakinshi da azumi yake hawan duwatsun nan, ya dawo ya sha ruwa tare da mu kamar bai yi komai ba." A masallaci ma har dattijai suna yi masa kirari. Duk yabon da aka yi masa sai ya ji kamar an ɗora masa buhu a wuya.

Wata rana bayan sallar la'asar ya tsaya wajen Malam Moussa, limaminsu, mutumin Zinder mai son raha. Suka gaisa, aka tambayi iyali da aiki da gajiya.

"Malam, wani abokina ne yake tambaya. In mutum ya yi tafiya mai nisa cikin azumi..."

"Tafiyar me?"

"Tafiya dai. Ta motsa jiki."

Malam Moussa ya dubi takalman gudun da ke ƙafar Maazou, ya ɗago. "Abokin nan naka, tafiyar ce ta kama shi dole, ko shi ke fita nemanta duk Asabar?"

"Sai na tambaye shi."

"Tambaye shi. Ka kuma gaishe shi, ka ce Malam ya ce ƙafarku ɗaya."

Maazou ya yi dariyar da ba ta wuce haƙora ba. Asabar ta zo, ya kama jirgi.

A azumin shekarar 2016 Nour tana da shekara sha huɗu, kuma ta ci alwashin wannan karon ba za ta sha ko ɗaya ba sai wanda addini ya ce ta sha. Ga jarrabawar lakwal a gabanta, ga abokanta suna cin abinci a gaban idonta, amma ta riƙe. Kakarta ta Tahoua kullum sai ta kira ta ji ko jikarta Bafaransa tana nan a kan bakanta. An wuce tsakiyar wata, wata Juma'a, Nour ta ce gobe za ta bi babanta.

"Akwai rana," in ji Maazou. "Ga nisa."

"Papa, kai da gudu ma kake yi. Ni zama kawai zan yi in kalli ruwa."

"Tafi da ita," Baraka ta ce daga kicin. "Kanta ya cika da karatu. Ta ga yadda ubanta ke yi, ta ƙara ƙarfi."

A jirgi ya ƙudurta yau zai riƙe azuminsa, ya yi ɗan gudu kaɗan ya dawo. Daga Fécamp suka hau bas zuwa Yport don kada ta wahala. Suna gangarawa bakin ruwa, matar gidan burodin ta hango shi ta ƙofa, ta ɗaga hannu da fara'arta, ta ce da Faransanci: "Ga mai gudunmu. Kamar kullum? Na ajiye maka mai kifin, da ruwanka mai sanyi."

Maazou ya ce a'a, yau dai ya gode, ya ƙara sauri. Da suka zauna kan tsakuwa, Nour ta dube shi.

"Papa, kamar kullum?"

A nan ne ya kamata ya sunkuyar da kai. Maimakon haka sai ya gyara murya, ya zama malami. Ya yi mata bayanin matafiyi da rangwamen da aka yi masa, da nisan da ake ƙidaya, da yadda ake ramawa in wata ya wuce. Ya tsara maganar tsaf, har shi kansa ya kusa yarda.

"Donc ba laifi ba ne ke nan," in ji ta.

"Addini sauƙi ne, 'yata."

"Maman ta sani?"

"Zauna nan cikin inuwar jirgin ruwan can. Yanzu zan dawo."

Ya hau dutsen da gudu kamar ana korarsa. Furen gonakin yana nan shuɗi shar, teku ta kwanta lumui, shanun suna kallonsa suna tuƙa. Bai ji daɗin komai ba. Tsayin hanyar yana shirya abin da zai gaya mata in ya sauka: cewa rabin maganar ya faɗa, cewa wanda ya ƙirƙiro tafiya don ya sha ruwa ba shi ake nufi ba, cewa Malam ya gano shi tuntuni. Ya juyo tun bai yi nisa ba.

Ya same ta inda ya bar ta, ƙafafunta a miƙe, butalin ruwa a gefenta saura rabi, tana share ɓurɓushin burodi daga siket ɗinta.

"Matar nan tana da kirki," in ji Nour. "Ta ce in gaishe ka. Ga naka nan, na rage maka. Mu biyu ai matafiya ne, ko?"

Ya tsaya yana haki, gumi na shiga masa ido. Ba ta yi don ta ƙure shi ba, abin da ya fi yi masa ciwo ke nan. Ubanta ya ce ya halatta, ta yarda. Ya zauna, ya karɓi butalin ya sha, don in ya ƙi za ta gane.

A jirgin dawowa ta jingina kanta da taga. Sun kusa Paris ta ce, ba ta dube shi ba, "In Kaka ta kira, me zan ce?"

"Za mu gani," ya ce.

Sun iso gida rana tana shirin faɗuwa. Baraka ta shimfiɗa tabarma a falo, ga kunu, ga ƙosai, ga dabino a faranti. Ta kama fuskar 'yarta da hannu biyu tana dubawa.

"Dubi yadda rana ta gasa min ke. Kin sha wuya? Ƙishi bai dame ki ba?"

"Kaɗan dai, Maman. Da iskar ruwan ta buso sai ya wuce."

Maazou ya gane maganar nan. Maganarsa ce, wadda yake yi duk Asabar a bakin ƙofar nan, har da ɗan ɗaga kafaɗar. Wayar Baraka ta kira salla. Kowa ya ɗauki dabino.

"Maman Nour," ya ce. "Ba mu da azumi yau, daga ni har ita. Ni na gaya mata ya halatta."

Baraka ta dubi Nour, wadda idonta ya cika da ruwa, sannan ta dube shi.

"Ita na ji, yau ne. Kai fa?"

Ya sunkuyar da kai. Ta daɗe tana kallonsa, kiran sallar yana ci gaba. Sannan ta miƙa hannu ta zare dabinon daga yatsunsa ta mayar cikin faranti.

"Bar shi ga masu azumi," ta ce. Ta jawo Nour jikinta, ta sa mata nata dabinon a baki. "Ke ci. In Kaka ta kira, ubanki za ki miƙa wa wayar."