Kwanon da Ya Dawo Wayam

Shekarar da aka yi mini aikin gwiwa ne, kafin annobar da ta kulle mutane a gida, 'yata ta ɗauko ni na zauna wurinta a Catford, can ƙasar Turawa. Likita ya ce in riƙa tafiya kullum. To, da wa? A gida ni ce ake cika wa ɗaki a zo jin labari, amma a nan ko mai ce mini "kin tashi lafiya" babu.

A benenmu, a sashen da ke kallon namu, akwai wata tsohuwar Baturiya, tsarata, mijinta ya rasu. Ita ta fara ja na, mu hau bas zuwa lambun sarauta na Greenwich. Ba aikinta ba ne, ba wanda ya sa ta, amma ta ɗora wa kanta binciken wasu mutum biyu da suka mutu fiye da shekara ɗari biyu: mai tsara lambun sarakuna, da wata mata da ke aiko masa da dashen itatuwa. Sai ta tsaya a tsakiyar ciyawa ta buɗe hannuwa, wai da nan tafki ne. Turancina guntu-guntu ne, amma ina ganewa.

Raina ya kwanta da ita, na so mu ƙulla ƙawance irin namu. Na dafa dambun shinkafa da zogale, na zuba a kwanona mai murfi, na kai mata da hannuna. Washegari ta dawo da shi a wanke tas, wayam. Ko ƙwayar gyaɗa babu. A wurinmu wannan amsa ce. Na daina fita, in ta ƙwanƙwasa in ce gwiwa.

Ran nan ta shigo gaishe ni, 'yata tana fassara. Wai abin da ya hana ta sakat, ta kasa gane ko mutanen nan biyu da take bincike aminai ne ko harkar aiki ce kawai.

Na ce, "Tambaye ta, da matar ta aiko da itatuwa, me ya mayar mata?"

"Inna, don Allah."

"Ke dai faɗa mata. Wanda ke son ka ba ya mayar maka da kwano wayam."

'Yata ta faɗa, kanta a sunkuye. Kunnuwan Baturiya suka yi ja. Ta miƙe ta ce in ba ta aron kwanon nan.

Na ce, "Aro kuma? Ikon Allah!"

Bayan kwana biyu sai ga ta da shi cike da 'ya'yan tsofaffin itatuwan lambun, ta tsinto da kanta duk da bayanta na ciwo, ta gasa. Ɗanɗanonsu kamar dankalin Hausa. Ta dafa ƙirjinta, ta dafa nawa, ta ce, "Ƙawa?" Ashe a bakin ƙofa ta tare 'yata ta koyi kalmar. Na matsa mata wuri a kan kujerata, muka ɓare tare.

Amsar mutanenta biyu ba ta samo ba har ta bar duniya bara waccan. Maigadin benenmu da ke riƙe mana ƙofa shi ma ya rasu. Daga masu tuna lokacin nan saura ni da 'yata, sai wata ƙanwar Baturiyar da ke bugo mini waya duk Sallah.