Inna Rahamatu da Ruwan da Ba a Sha

Kowace Talata bayan sallar asuba, Inna Rahamatu takan ƙulle ma'auninta da safar hannu a tsumma, ta je tashar Tanut ta jira motar ƙauyuka. Shekara ashirin da biyu ke nan. Inda ta sauka, mata sukan taru a gida ɗaya da man gyaɗa ko man aduwa, ta koya musu haɗa sabulun wanka, da na wanki, da man shafawa. A yankin nasu na Damargu, inda damina kan yi gardama, gidan da ya daina sayen sabulu a kanti ya sami ƙarin hatsi a tukunya. Wannan ne ake yaba mata a kai. Amma abin da ke hana ta sukuni daban ne.

Sabulu ba ya haɗuwa sai da soda. Jiƙa ta ake yi, ruwan ya ɗau zafi, a bar shi ya kwana ya huce. In ya huce, ido ba ya raba shi da ruwan rijiya. Wanda ya kurɓa, maƙogwaronsa ya ƙone. Ga shi nan ƙasar ƙishirwa ce, ɗan gida ko baƙo ba ya neman izini kafin ya sha. Duk abin da aka rufe aka ajiye a inuwa, a wurinsa ruwa ne.

Fatu, ɗaya daga cikin ɗalibanta na farko, ta gani da idonta a ƙauyensu kusa da Gangara. Ta jiƙa soda a bokiti, ta ajiye kusa da randa tana jiran Inna. Da rana tsaka ƙanen mijinta, Idrisa, ya dawo daga shayar da raƙuma, ya ɗauki moda ya kamfata. Daidai nan Inna ta yi sallama. Ba ta jira amsa ba, ta wawuri muciya ta kai wa hannunsa duka, modar ta faɗi.

"Haba Inna!" in ji Idrisa. "Gidan yayana, a doke ni a kan ruwa?"

"Gidan na yayanka ne, maƙogwaron naka ne. Maza wanke ƙafarka."

Kafin ya gama wankewa, inda ruwan ya fantsama ya fara zogi. Fatu ta ce Inna ba ta yi wa kowa faɗa ba. Zama ta yi a ƙasa, furar da aka kawo mata ma ta kasa sha.

Tun daga ranar ta kafa doka. Ba a jiƙa soda sai a ɗaki mai makulli, kuma makullin ya kwana a bakin zanen wadda ta jiƙa. Gidan da ba ƙofa, ba darasi, ko gidan wa ne. Mata suka yi ta gunaguni, har suka laƙaba mata Inna Mai Makulli. Ta amsa sunan. A ƙauyuka goma sha ɗaya da take zagayawa, ba a taɓa ɗaukar kowa zuwa asibiti saboda soda ba.

Yanzu yanar ido ta rufe mata gani, ba ta iya karanta ma'auni. Ɗanta Abdulmajid zai kai ta Damagaram a yi mata aiki, kuma ya ce yawon ƙauyuka ya ƙare. Ba ta musa masa ba, sai dai hankalinta bai kwanta ba. Soda ta wadata a kasuwa, a leda ake ƙulla ta ba rubutu, fara tas kamar sukari. Matasan mata kuwa a waya suke koyon haɗin, inda ake nuna awo da turare, ba mai zancen wurin ajiya.

Makon jiya an gan ta a kasuwar Belbeji, tsaye gefen mai sayar da soda, tana tambayar duk wadda ta saya inda za ta ajiye. Wata matashiya mai goyo, Raishatu, ta yi dariya.

"Inna, a waya fa ba su ce sai da makulli ba."

"Wayar tana da ƴaƴa?" in ji Inna. "Wannan na bayanki, yaushe zai fara rarrafe?"

Raishatu ta gyara goyonta. Daga nan rumfar masu kayan ƙarfe ta nufa, sayen makulli.

Inna, ke ce kika sa mata suka yi wanka da aikin hannunsu, ke ce kuma kika yarda a ji haushinki don kada a yi kuka. Uwar tsafta, mai tsaron randa. Mutanen da kika ceta ba su san kansu ba, don haka ba za su zo yi miki godiya ba. A madadinsu muke cewa mun gode. Allah ya buɗe idonki, ya saka miki da alheri.

Ga matan da suka koya a hannunta kuwa, kira ɗaya ne: kada a koya wa kowa awo ba a koya mata ajiya ba, kuma a fito a karɓi zagayen. Fatu ta ɗauki ƙauyuka huɗu na wajen Gangara. Saura bakwai, kuma har yau ba wadda ta ce ga ni.