Takin da Na Ƙi Ɗaukowa a Funtua

Ana idar da sallar asuba muka bar ƙauyenmu a ƙafa, ni da maƙwabtana biyu, muka tari motar kasuwa a Malumfashi. Neman taki ne ya fitar da ni. Gonar da mahaifinmu ya bar mana ta gaji. Dawar bara ba ta kai mu damina ba, kuma ƙannena sun rantse in aka sake haka bana, sayar da gonar za a yi. An ce mana akwai takin zamani a Funtua, wanda ake kira sufa.

Motar nan ta girgiza mu har na daina jin ƙuguna, ga wani ɗan akuya da ya mayar da gefen rigata kalacinsa. Muna isa siton taki a Funtua aka ce sufa ya ƙare.

Na sauka gidan kawuna a bayan gari. Aka kawo tuwo da miyar ɗanyar kuɓewa, na ci har da santi. Da na gaya masa damuwata sai ya ce, "Taso ka ga inda kuɓewar ta fito."

Wallahi ban taɓa ganin irin wannan ba. Kwatar unguwar ce gaba ɗaya, ruwan wanki da na wanke-wanke da fitsarin makewayi, ya tare ya juyo da ita cikin ramuka. Yana zuba toka har ruwan ya kwanta, sai ya tsiyaye na sama, ya kwashe baƙin taɓon ya shanya, in ya bushe ya kai gona. Wai malamin gona ya gaya masa sinadarin da ke cikin sufa yana cikin ƙazantar nan, tokar ce ke kwantar da shi.

"Kawu, abin da na ci ke nan?"

"Har ƙari ka nema, ɗana. Ga buhun takin nan, ka tafi da shi."

Na yi godiya, a raina na ce a kai kasuwa.

Washegari na dawo hannu rabbana. Don kunya na zagaya ta bayan gida kada a gan ni. A bakin rariyarmu, inda ruwan gida ke kwarara, na ci karo da karan dawa da ya tsiro da kansa, kore shar, ya kusa kai ni tsawo, alhali ko ruwan fari bai sauka ba. Kowace shekara ni ke sare irinsa. Ashe abin da na je nema har Funtua, kullum daga gidanmu yake fita.

Ƙanena ya leƙo ta katanga. "Yaya, ina takin?"

Na ce, "Miƙo mini diga. Kuma ka ce wa Inna daga yau kada ta sake zubar da toka."