Tarmuji Mai Kwalabe da Ƙafata ta Hagu

Da an idar da sallar asuba za ka ji babur ɗin Pak Tarmuji, wato Malam Tarmuji a yarenmu, yana gangarowa mashigin garinmu, inda kogi ke zuba cikin tekun Jawa. Akwatin ƙanƙara na ɗaure a bayansa, cike da kwalabe. Sai ya naɗe wando, ya shiga taɓo har gwiwa, ya ɗebi ruwa nan, ya ɗebi can, ya kai birni a auna. Aikinsa ke nan tun kansa na baƙi, kuma a watan nan ya ajiye shi. Ni Karsinah, mai kamun ƙaguwa, ban yi karatu ba, amma ina da baki, na kuma ce a rubuta wannan yadda na faɗa.

Da can tsokanarsa muke yi. In ce masa, "Muji, in ƙishirwa ce ka zo gida in ba ka shayi mana." Shi kuma ya ce, "Yaya Kar, ai shayinki ya fi ruwan nan haɗari."

Mu masu ƙaguwa ba a raba mu da rauni. Saiwar itatuwan bakin ruwa ta soke ka, ƙaguwa ta datse ka. Abin da muka gada shi ne ka tsoma ciwon a ruwan mashigi ka cuɗa, gishiri ya cinye dattin. Iyayenmu sun yi haka sun warke. To amma a zamaninsu babu tafkunan kiwon jatan lande na Alhaji Rasmadi a saman kogi, inda ake cuɗa magani cikin abinci kamar gishirin miya, in an gama kwasa a buɗe ƙofa a sako mana ruwan.

Tarmuji ne ya zauna da mu a gefen kwale-kwale ya warware mana. Ya ce ƙwayoyin cutar ruwan nan sun sha magani har ya daina kashe su, kuma wadda ta iya jurewa tana miƙa dabarar ga ta kusa da ita, ko ba danginta ba ce. Ƙawata Warsiti ta ce, "Ashe su ma gulma suke yi." Ya ce, "Har sun fi ku sauri, Yaya." Muka sha dariya, muka ci gaba da tsoma ƙafa.

Da ya ga magana ba ta shiga, sai ya fara zuwa da jarkar ruwan da matarsa ta tafasa, da guntun sabulu, ya rataye a mashigi. In ya ga an sako ruwan tafki ya ɗaura jan tsumma a kan gora don gargaɗi. Babu wanda ya sa shi.

A daminar bara saiwa ta tsaga mini tafin ƙafar hagu, ina can nesa da jarka. Na wanke da abin da ke gabana. Ba a jima ba ƙafa ta kumbura, ta fara wari. A asibiti aka ba ni magani bai yi ba, aka sauya, bai yi ba. Likita ta zauna a bakin gado ta ce in ba a samu maganin da zai kama ba, sai yankewa daga gwiwa. Mai kamun ƙaguwa da ƙafa ɗaya, me za ta ci?

Likitar ta ɗebi mugunyar ciwon, amma wurin aunawa sai birni, hanya kuma ambaliya ta cinye ta. Warsiti na nan, ta gani da idonta. Tarmuji ya shigo da laka a wandonsa, ya buɗe akwatinsa ya ce, "Saka a nan, Likita, can na nufa." Ya bar babur a inda ruwa ya tare shi, ya ɗora akwati a ka ya ratsa, ruwa har ƙirji. Ya tsaya a kan abokan aikinsa har suka gano allurar da ƙwayoyin ba su saba da ita ba.

Allurar ta kama, yatsun ƙafa biyu kawai aka cire mini. Da ya zo dubiya ya leƙa ya ce, "Biyu kacal? Yaya Kar, an yi miki rangwame." Na ce, "Allah ya shirye ka, Muji, matso in make ka da sauran."

Kai ne, Muji mai kwalabe, ka ɗauki ƙafar tsohuwa da daraja. Kai ne ka faɗa mana gaskiya muna yi maka dariya, ba ka yi fushi ba, ba ka daina zuwa ba. Na gode. Allah ya saka maka, ya saka wa matarka da ta ƙona itacenta saboda mu.

Ranar Juma'a muka yi masa walimar ajiye aiki, tulin shinkafa mai kurkum da ƙaguwa cikin barkono. Na taka rawa, Warsiti ta ce ina karkata kamar kwale-kwalen da ya sha ruwa. Jarkar kuwa mu muka karɓe ta, kowace mace da ranarta. Ku da ke ɗibar ruwa a sauran mashigai, ku yi koyi da shi, abin da kwalba ta nuna ku faɗa wa masu shiga ruwan.

Saura Alhaji Rasmadi, don har yau yana sako ruwansa. Ina so a hana shi zuba magani barkatai, a sa shi ya tace ruwan kafin ya buɗe ƙofa. Na je ofishin gunduma sun ce in dawo. To zan dawo ranar Litinin. Tarmuji ya ce yanzu ba shi da shugaban da zai ce ya yi shiru, zai kai ni a babur ya ba da shaida. Na ce ya sauke ni a bakin ƙofa. Da ƙafata zan shiga, kuma ba takalmi, su ƙirga yatsun da kansu.